Yanka Kuɗin Hayar Ɗaki a Gidan da Mai Shi Ke Ciki

An shirya wannan darasi domin hakimai, ransu ya daɗe, da malamansu na ofis a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Abin da za mu duba shi ne yadda magidanci zai yanka kuɗin hayar ɗakin da ya rage masa a gidan da shi kansa ya ke zaune da iyalinsa, da kuma abin da hakimi zai yi in mai ɗaki da ɗan haya suka zo gabansa suna jayayya. Ba mu shiga maganar manyan gidajen haya na birni ba, waɗanda a ke ginawa musamman don neman kuɗi. Maganarmu a kan shago guda ne a ƙofar gida, ko ɗakin da ɗa ya bari ya tafi nema Kano ko Legas, ko turakar tsohon da ya rasu.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Kuɗin kam kaɗan ne, amma ɓacin ran da ke cikinsa ba kaɗan ba ne, gama mutanen nan biyu zaure ɗaya su ke ratsawa, rijiya ɗaya su ke ja. Kuma wanda a kan fitar wa kaya waje sau da yawa malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko malamin gona. In ya rasa masauki sai ya koma kwana wani gari, ya riƙa isowa aiki rana ta take, ko kuwa ya nemi a canja shi. Asarar a kan 'ya'yan talakawan hakimi ta ke faɗawa.

Daga saukar baƙo zuwa haya

Kafin mu shiga lissafi ya kamata mu san inda wahalar ta samo asali. A al'adarmu ta da ba a sayar wa baƙo wurin kwana. Bebeji tsohon gari ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, a nan kuwa aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ne gadonsu. Falke in ya iso gari irin wannan, gidan fatoma ya ke sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ba shi tuwo, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye, ya kuma tsaya masa in an ci kayansa bashi. Ba ya cewa a biya shi kuɗin ɗaki. Amma kada a zaci a banza ya ke yi. Ladansa yana cikin la'adar da ke fita daga cinikin, da alherin da falke zai yi masa ran tashi. Watau ɗakin yana da kuɗinsa, sai dai an saka shi cikin ciniki ba a ambata shi. Da wannan tsari Hausawan Sabo ta Ibadan da na zangon Kumasi suka riƙe cinikin shanu da goro shekara da shekaru.

Baƙon yau dabam ne. Ba ya zuwa da jakai da kaya, balle a sami la'ada a kansa. Da takardar canjin aiki ya ke zuwa, da katifa a naɗe. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, masunta da 'yan ƙwadagon noman rani suka sami wurin zuwa. A Bagauda akwai reshen makarantar horon lauyoyi ta Nijeriya da ma'aikatanta. Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Jos ta rabu da hanyar Zariya, ba ta rabuwa da direbobi da 'yan kasuwa. Tudun Wada tana cika da masu sayen shinkafa da masara da kaka. Riruwai kuwa, hedkwatar Doguwa, kuza ta daɗe tana jawo mata baƙi tun kafin zuwan Turawa. Ga kuma 'yan hidimar ƙasa da a ke turowa kowace shekara tun da aka kafa shirin a 1973. Duk waɗannan ɗaki su ke nema, kuma babu ciniki tsakaninsu da maigida da za a ɓoye kuɗin ɗakin a ciki.

To, baƙo ya sāke, amma kunyar maigida ba ta sāke ba. Sabon malami ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, nawa zan riƙa bayarwa?" Maigida ya ce, "Haba Malam, shiga dai tukuna, ai ba za mu ɓata ba." Shi ke nan an tashi ba a yanka kome ba. Wata huɗu ya wuce. Maigida a ransa yana lissafin naira 5,000 kowane wata, malami kuwa yana zaton goro da sabulun da ya ke kawowa ran albashi sun isa. Kowannensu yana ganin shi ne mai gaskiya, kuma in an duba, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A ganina nan ne tushen irin wannan ƙara, ya fi tsada ko araha. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Kunyar da ta hana faɗin kuɗi ran shiga ita ce ke kai mutum biyu masu mutunci ƙofar hakimi.

Abin da shari'a ta tanada

Malaman mazhabar Malikiyya suna kiran hayar gida kira'i, hukuncinta kuwa yana cikin littattafan da alƙalanmu suka saba da su, kamar Risala da Muhtasar da Tuhfa. Sharuɗɗan da suka fi shafarmu biyu ne: kuɗin ya zama sananne, wa'adin kuma ya zama sananne. In ba a ambaci kuɗi ba har mutum ya riga ya zauna, alƙali ba zai bi abin da ke ran maigida ba, ba kuma zai bi na ɗan haya ba. Zai koma ga hayar misali, watau abin da a ke biya wa ɗaki irin wannan, a wuri irin wannan, a lokacin da aka zauna. Malaman ofis su riƙe wannan kalma, domin za mu komo kanta.

Haya iri biyu ce. Akwai ta wata-wata, inda aka ce kowane wata kaza ba a faɗi ƙarshe ba. Wannan ba ta ɗaure kowa, kowanne yana iya janyewa, sai dai gwargwadon kwanakin da aka riga aka biya. Akwai kuma mai yankakken wa'adi, inda aka ce wata shida ko shekara guda daga rana kaza. Wannan ta ɗaure su duka biyu. Maigida ba shi da ikon ƙara kwabo kafin wa'adi ya cika, ko da ya ji maƙwabcinsa ya ninka nasa, ɗan haya kuma ba shi da ikon tashi tsakiyar wa'adi ya ƙi biyan saura. Mutuwar ɗayansu ba ta warware irin wannan haya, magada ne ke ci gaba da ita. Amma in ɗakin ya rushe, hayar sauran kwanaki ta faɗi, maigida ya mai da kuɗinsu in ya riga ya karɓa. Wannan hukunci na ƙarshe ya fi shafar Tudun Wada da Doguwa, inda ruwan sama ya fi na arewacin jiha yawa, ginin ƙasa kuma ke shan wuya cikin Agusta.

Ba lalle ne a biya da kuɗi ba. Ya halatta a biya hayar ɗaki da hatsi, muddin an faɗi iri da mudu da ranar bayarwa. Kada a haɗa wannan da hayar gona, gama Malikiyya sun hana a yi hayar gona da abinci ko da abin da ƙasa ke tsirarwa. Haka nan in ɗan haya zai biya da aiki, kamar ya koya wa yaran gida karatu, a faɗi yara nawa, kwana nawa a mako. "Ka riƙa taimakawa" ba farashi ba ne.

Hakimi fa ba shi ne mai yanka haya ba. Shari'a ta fita daga hannun En'e tun kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aikin hakimi a yau sulhu ne da shawara. Ko Gwamnati ma da ta gwada yanka haya da ƙarfin doka ba ta ji daɗi ba. Bayan ƙarin albashin Udoji a 1975 farashin kome ya tashi, sai gwamnatin soja ta sa jihohi suka kafa dokokin ƙayyade haya da kotunan haya, da nufin kada ma'aikaci ya biya fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashinsa. Dokokin ba su yi ƙarko ba. Inda ɗakuna suka yi kaɗan, mai nema da kansa ke ƙara kuɗi a ɓoye don kada wani ya riga shi. Abin da hakimi zai iya, kuma ya fi amfani, shi ne ya koya wa mutanensa lissafi, ya sa su faɗi kuɗi tun ran farko.

Lissafin abin da ɗaki ke ci

Ɗaki yana cin kuɗi ko da mutum a ciki ko babu. Magidanci ya fara sanin abin da ɗakinsa ke ci a shekara, domin in ya yanka ƙasa da wannan, shi ke biya wa ɗan haya ba tare da ya sani ba. Lambobin da ke biye misali ne kawai don a ga hanyar lissafi. Kowane malami ya tambayi magina da kafintocin garinsu ya sa na gaskiya.

A ɗauki ɗakin bulo da siminti mai rufin kwano, ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. A ce gina irinsa yau zai ci naira 1,200,000, a ce kuma zai yi shekara 30 kafin ya bukaci babban gyara. In an raba, ɗakin yana tsufa da naira 40,000 kowace shekara. A ƙara naira 12,000 na ƙananan gyare-gyare, kamar toshe yoyo, da fenti, da kwaɗo, da gilashin taga. A ƙara naira 8,000, rabon ɗakin daga kuɗin kwasar masai da yasar rijiya da igiyar guga. Jimla naira 60,000. A nan mutane da yawa ke kuskure, su raba da wata 12. Ɗakin haya ba ya cika shekara da mutum a ciki. Malami ya tafi, kafin wani ya zo an yi wata ɗaya ko biyu. Saboda haka a raba da 10, ya ba da naira 6,000 a wata.

Ɗakin ƙasa lissafinsa ya sha bamban. Gininsa araha ne, riƙonsa ne tsada. A ce ginin naira 300,000 ne, zai kai shekara 20 in ana kula da shi, watau naira 15,000 a shekara. Amma yaɓe da gyaran rufin soro da indararo kafin kowace damina, a ce naira 20,000, ga naira 5,000 na masai da ruwa. Jimla naira 40,000, a raba da 10, naira 4,000 a wata.

To, in ya zamana a ƙauyen babu mai iya biyan naira 4,000 fa? A bar ɗakin a kulle ke nan? Ni ban ga haka ba. Ɗakin da mu ke magana a kansa an riga an gina shi, kuɗin ginin ya tafi ko an ba da haya ko ba a bayar ba. Abin da ya rage a kare shi ne kuɗin yaɓe da na masai da ruwa, watau naira 25,000 a shekara, ko 2,500 a wata. Duk abin da ya ɗara wannan ya fi kulle ɗaki. Hasali ma ɗakin ƙasa da ba kowa a ciki shi ya fi saurin lalacewa: gara ta ci azara ba wanda ya gani, yoyo ya fara ba wanda ya faɗa, kafin a ankara katanga ta jiƙe ta zauna. Saboda haka magidanci yana da lambobi biyu a hannu. Ta sama ita ce zai duba in yana tunanin gina sabon ɗaki don haya. Ta ƙasa ita ce iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba, sai in ya yi nufin sadaka. In kuwa sadakar ya nufa, madalla, amma ya faɗa da bakinsa, kada ya bar magadansa su zo suna bin malami bashin shekara uku.

A duba kuma ƙarfin mai biya. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya koma naira 70,000 a 2024, Jihar Kano ta sa nata 71,000. Alawus na 'yan hidimar ƙasa ya kai naira 77,000 a 2025. Kashi ɗaya cikin biyar na 71,000 shi ne 14,200. Amma a lura, wancan ma'auni na shekarun 1970 an yi shi ne domin mazaunin ma'aikaci da iyalinsa duka. Ɗaki guda a gidan wani, da masai na tarayya, bai kamata ya kusanci wannan adadi ba.

Littafin hayar misali

Tsakanin abin da ɗaki ke ci da abin da mai haya ke iyawa, farashin gari ne ke raba gardama. A nan aikin malamin ofis ya ke. Ya buɗe littafi guda, ya roƙi dagatai su sa masu unguwanni su kawo labarin ɗakunan da ke hannun 'yan haya: unguwa, irin gini, girma, ko akwai lantarki, ko akwai rijiya ko famfo a gidan, da abin da a ke biya. A tambayi ɗan haya dabam, a tambayi maigida dabam, domin wani maigida zai rage don tsoron kada a ce haraji a ke shiryawa. A kwantar musu da hankali tun farko. Haraji da jangali Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano tun 1979, wannan littafi na sulhu ne.

Sa'ad da aka tara lambobin, kada a haɗa ɗakin ƙasa da na bulo, kada kuma a haɗa na bakin kasuwa da na bayan gari. A jera masu kama da juna daga ƙarami zuwa babba. A ce ɗakuna bakwai ne: 2,500, da 3,000, da 3,000, da 3,500, da 4,000, da 4,500, da 9,000. In malami ya tara su ya raba da bakwai zai sami naira 4,200 da ɗoriya, alhali biyar cikin bakwai ba su kai haka ba. Ɗakin nan na 9,000 ne ya ja lissafin sama, wataƙila wani ɗan kwangila ne ya kama shi na wata biyu bai yi ciniki ba. Hanya mafi adalci ita ce a ɗauki na tsakiya, watau na huɗu, naira 3,500. Wannan ita ce hayar misali ta unguwar. A sabunta littafin sau ɗaya a shekara, bayan kaka, a rubuta kwanan wata a kan kowane shafi.

Daga wannan adadi sai a hau ko a sauka bisa ga halin ɗakin. Abin da ya fi kome daraja a ƙasarmu shi ne ƙofa. Shagon da ƙofarsa ke kallon waje, mai makewayinsa dabam, ya fi ɗakin da sai an ratsa tsakar gida, ko da na cikin ya fi girma da kyau. Dalili a fili ya ke. Gidan da matan aure ke ciki ba a sa namiji baƙo ya riƙa ratsa shi, saboda haka ɗakin cikin gida masu nemansa kaɗan ne, sai malama ko ma'aikaciyar asibiti ko ɗan'uwa na jini. Magidancin da ya fasa ƙofa ta waje ya toshe ta ciki, ya haƙa masai a gefe, ya ƙara wa ɗakinsa daraja fiye da wanda ya shafa fenti. Bayan ƙofa sai ruwa, sa'an nan daɓen siminti da silin da taga mai waya. Kuɗin lantarki kuwa a ware shi daga haya. In mita ɗaya ce, a ƙidaya ƙwai da fanka da abin guga na kowane ɗaki, a raba bisa ga haka.

Lokaci ma yana da nasa. Mai sayen hatsi da ya zo Tudun Wada wata biyu da kaka, ko ɗan cin rani da ya zo aikin lambu, ba laifi a yanka masa sama da na malamin da zai shekara, domin ɗakin zai zauna wofi bayan tafiyarsa. Amma fitar da malami don a sa ɗan kaka wauta ce ko a wajen lissafi. Naira 7,000 sau biyu ba ta kai naira 3,500 sau goma ba. Wani abu kuma da masu unguwanni za su sa wa ido, musamman a garuruwan da ke gefen dajin Falgore: baƙon da ba a san asalinsa ba, ya zo ya ninka kuɗin ɗaki ba ciniki, ya ce ba ya son a rubuta sunansa, a kai shi gaban mai unguwa tukuna kafin a ba shi mabuɗi.

Ƙari da biyan gaba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Maigidan da ya bar haya yadda ta ke tun 2020 ba ya iya yaɓe da ita yau. Ƙari halal ne, amma yana da ƙa'ida. Sai wa'adi ya cika. A sanar da ɗan haya tun da sauran lokaci. Dalilin ƙarin kuma ya zama kuɗin gyara da farashin gari. Jin an ƙara wa ma'aikata albashi a rediyo ba dalili ba ne, don sau da yawa maigida ya kan ji labarin ƙarin wata da watanni kafin kuɗin ya shiga hannun ma'aikaci. Ƙari kaɗan kowace shekara ya fi sauƙin haɗiya bisa a yi shiru shekara huɗu sa'an nan a ninka dare ɗaya.

Al'adar karɓar kuɗin shekara guda ko biyu gaba ɗaya daga birni ta zo, kuma ba ta dace da ɗaki a cikin gida ba. Ko a Legas dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin sassan jihar. Maigidan da ya karɓi na shekara biyu ya ɗaure kansa da tsohon farashi, ya kuma ɗaure kansa da mutumin da bai san halinsa ba tukuna. In ɗakin ya faɗi da damina, kuɗin kuwa an riga an sa su a taki ko a biki, ina zai samo na mayarwa? Ga ma'aikaci mai albashi, wata-wata ko wata uku-uku ya fi. Ga manomi ko mai awo, a ɗaura biya da kaka. A kuma yi hattara da wanda zai ba maigida rance ya zauna a ɗakin kyauta har a biya shi. Wannan rance ne da ya jawo amfani, malamai kuwa sun haramta shi.

Takarda

Ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta yi umarni da rubutu da shaidu, saboda haka wanda ya nemi a rubuta bai zargi kowa ba. Takardar ba ta bukatar lauya. Rabin shafi ya isa, da boko ko da ajami, kamar haka: "Ni wane ɗan wane, na unguwa kaza, na ba wane hayar shagona na ƙofar gida, daga 1 ga wata kaza zuwa ƙarshen wata kaza, a kan naira kaza kowane wata, a biya kafin 5 ga wata. Yaɓe da rufi da masai a kaina su ke. Lantarki da abin da ya ɓata da hannunsa a kansa su ke. Wanda zai janye bayan wa'adi ya sanar da ɗan'uwansa da wata guda." Su sa hannu, shaidu biyu su sa, mai unguwa ya sa. A yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a ofishin hakimi. In ɗan haya zai yi gyara a cire daga haya, a rubuta irin gyaran da kuɗinsa kafin magini ya taɓa ƙasa. Kowane biya kuma a rubuta shi a bayan takardar ko a ɗan littafi, maigida ya sa hannu ko ya dangwala.

Malami ya yi tambaya guda kafin ya karɓi kwafi: gidan na wane ne? Gidajen da ke da ɗakunan da suka rage galibi gidajen gado ne da ba a raba ba. Babban wa ba shi da ikon cin hayar shi kaɗai. Kuɗin na magada ne duka gwargwadon rabonsu, har da mata da suka yi aure suka tafi, har da marayu. In akwai rabon maraya a ciki, ba a yi wa ɗan haya rangwame da shi don kunya ko abota, sai a yanka hayar misali cif.

In duk da haka ƙara ta zo, hakimi, ransa ya daɗe, ya fara neman takarda. In akwai, a bi abin da ke cikinta. In babu, a nemi wanda ya ji an ambaci kuɗi ran shiga. In babu shi ma, malami ya buɗe littafinsa a shafin shekarar da aka zauna, ya karanta hayar misali a gabansu, a ƙidaya watanni, a cire abin da ɗan haya ya riga ya bayar, har da hatsi ko gyaran da maigida ya amsa ya karɓa. Saura a yanka masa biya kaɗan-kaɗan bisa ga ranar albashinsa. A gargaɗi maigida kada ya kware rufi, ko ya sa kwaɗo, ko ya zubar da kayan mutum waje, gama fitar da ɗan haya da ƙarfi aikin kotu ne, wanda ya yi da hannunsa kuwa yana iya komawa shi ne wanda a ke ƙara. In ɗayansu ya ƙi sulhu, malami ya rubuta abin da kowanne ya faɗa, ya haɗa da kwafin shafin littafin, a tura su gaban alƙali.